Na Sayar da Abin Kyauta da Sunan Kayan Sata

Ban yi nisa a boko ba. A aji huɗu na firamare na sallami malamaina, don na lura sun gaji da ni, ni ma na gaji da su. Mahaifina masunci ne, mutumin kirki, har ya koma ga Allah bai ci na kowa ba. Ni kuwa tun ina saurayi na gane cewa kama kifi wahala ce, sayar da shi ne daɗi. Sai na tare a kasuwar kifi ta Haɗeja ina shirya banda a kwali. A nan na fara: manya a sama, gutsattsari a ƙasa. Ba wanda ya kama ni, sai na ɗauka basira ce. Daga nan na yi kamasho a tasha, na kuma sayar da maganin basir ranar kasuwa, wanda garin kuka ne da kanwa da bakina. Har gemuna ya yi furfura ban taɓa kwana a hannun hukuma ba. Abin da ya kai ni gidan yari, yara, abu ne da masu shi suka ce kowa ya ɗauka.

Ina da 'yar ƙanwa, Hajara. Ta karanta kwamfuta, ta buɗe shago a cikin gari tana gyara tana koyarwa. Uwarta ce ta roƙe ta ta ɗauke ni in riƙa tayar mata da janareta, ko na rabu da tasha. Ina zaune a bakin ƙofa kullum ina jin tana faɗa wa mutane wai manhaja mai 'yanci, buɗaɗɗiyar manhaja. Ran nan na ce ta yi min Hausa.

Ta ce manhaja ita ce umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, in ba ita kwamfuta akwati ce kawai. Sannan ta dube ni ta ce, "Kawu, ka tuna maganin basir ɗinka?"

Na ce, "Na daina."

"Ban ce ba ka daina ba. Wanda ya saya ya san abin da ke ciki?"

"Da ya sani ai da bai saya ba."

Ta ce to manhajar da kamfani ya rufe kamar kwalba ce a toshe. Tana iya zama mai kyau ƙwarai, amma ba ka da ikon leƙa haɗin, ba ka da ikon gyarawa, ba ka da ikon zuba wa maƙwabcinka. Buɗaɗɗiyar kuwa, an ba ka maganin, an kuma ba ka yadda aka haɗa shi a rubuce. Ka yi amfani da ita yadda ka so. In kana da ilimin, ka karanta rubutun, ka canza abin da bai yi maka ba. Ka kwafa ka ba duk wanda ka ga dama, da gyaranka ko ba gyara. Ta ce wadda take sa wa mutane sunanta Linux, ita ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, a cikinta kuma akwai ta buga takardu da ta lissafi da ta gyaran hoto.

Na tambaye ta wane mahaukaci ne ya zauna ya rubuta wannan ya bayar. Ta ce ba mutum ɗaya ba ne, jama'a ne a ƙasashe daban-daban, wasu ana biyansu wasu don kansu. Ta ce in tuna yadda ake gayyar cire ciyawar kacala idan ta toshe hanyar ruwa a fadama: duk mai gona a bakin hanyar ya shiga da laujensa, idan ruwa ya wuce kuma har wanda bai zo ba gonarsa za ta sha. Na ce ni dai ban taɓa zuwa gayya ba sai lokacin sauke tukunya. Ta ce ta sani, uwarta ta ba ta labari.

Akwai abu ɗaya da ta nanata, na ji shi da kunnena, don haka ba zan ce ban sani ba. Ta ce 'yancin nan ba wai kada a karɓi ko sisi ba ne. Kana iya karɓar ladan aikinka, kana ma iya sayar da kwafin. Abin da ba ka da iko shi ne ka hana wanda ka ba 'yancin da kai aka ba ka.

Da ta ga ina da sha'awa sai ta koya min sawa. Ba wuya: ka soka filas, ɗan abin nan da ake ajiye manhajar a ciki, ka bi abin da allon ya nuna, ka sa kalmar sirri ta mai gida, wato babban mabuɗin da ke buɗe komai. Turancin ban iya ba, amma na haddace inda ake dannawa. Ta ji daɗi har ta kira uwarta ta ce Kawu ya shiryu.

Abin da na lura da shi a bakin ƙofar nan shi ne, mutanenmu ba sa yarda da abin kyauta. Wani mai shagon buga takardu ya kawo kwamfutarsa, Hajara ta yi masa bayani kaf, ya ce, "Hajiya, kyauta fa kika ce? A'a. Sa min na kuɗin, ko da na satar ne." Ta ce ba ta sa na sata. Ya ɗauki kayansa ya fita. Na bi shi har gindin darbejiya, na rage murya na ce ina da wata da aka sato daga ofishin sojan Amurka, ba a ba kowa, kada ma ya bari yarinyar nan ta ji. Idonsa ya yi haske. Na sa masa irin wadda ya ƙi a cikin shago, ya biya ni yana godiya, ya kuma turo min abokansa.

Da na tsaya a nan, da maƙaryaci ne ni kawai. Amma wanda na sa wa sau ɗaya ba ya dawowa, don abin ba ya lalacewa da wuri, kuma wannan ya dame ni. Sai na tuna yadda Hajara take yi wa ɗalibanta: takan buɗe wa kowa ƙofarsa a kwamfutar shago, ta sa ranar da za ta rufe idan zangon karatunsa ya ƙare. Na koyi wannan. Daga ranar, duk wanda na sa wa, sai in riƙe babban mabuɗin, in ba shi ƙaramar ƙofa mai wa'adi. Bayan 'yan watanni kwamfuta ta ƙi buɗewa, sai a neme ni, in ce lasisi ne ya ƙare, in juya baya in danna, a biya ni. Na bar janareta na sayi jaka. Daga Kaugama har Miga sunana ya koma Injiniya. Ni da ban iya rubuta injiniya ba.

A haka na haɗu da Malam Bukar, malamin sakandare a wani gari can bayan Baturiya. Garin ba su da ma'aikacin lafiya ko ɗaya ɗan asalin wurin, wanda aka turo kuma ba ya zama. Malam Bukar ya tara iyaye a ƙofar masallaci ya ce yaransu za su iya cin jarrabawar shiga makarantar koyon aikin lafiya, matsalar dai da kwamfuta ake yin ta yanzu, yaran kuwa ba su taɓa taɓa ta ba. Aka yi karo-karo, mai buhun shinkafa ya bayar, mai akuya ya sayar, aka damƙa masa don an yarda da shi. Ya sayo tsofaffin kwamfutoci da sola, aka ce masa akwai Injiniya a Haɗeja. Na je. Ya sauke ni a ɗakinsa, matarsa ta yi min farfesun tarwaɗa. Na sa musu manhajar, na sa wa'adin, na tafi da mabuɗin.

Wa'adin ya cika a ƙarshen damina, ruwa ya malale hanya, babur ba ya shiga sai kwalekwale. Jarrabawa kuma ta matso. Ya kira ni a waya.

"Injiniya, dukkansu sun rufe. Yaran nan yanzu suka fara sabawa."

Na ce lasisi ne, sai na zo.

"Hanya ba ta biyuwa. Ba abin da za ka faɗa min in danna da kaina? Haƙƙinka yana nan, wallahi ko a kwalekwale zan aiko maka."

Akwai abin. Kalma guda ce. Amma ni da ƙwaƙwalwata ba ta riƙe biyu, kalmar nan ita na sa a kowace kwamfuta da na taɓa. Idan ta fita daga bakina ta shiga kunnen malamin makaranta, kasuwata ta mutu daga Miga har Kaugama. Sai na ce masa mutanen Amurka ba su turo sabon lasisi ba tukuna, ya yi haƙuri. Ya sake kira, ya sake kira. Na daina ɗauka.

Yaran sun je jarrabawar. Daga baya na ji cewa wata a cikinsu, wadda ta fi kowa ƙoƙari, rabin lokacinta ya tafi wajen neman yadda za ta wuce tambaya ta gaba. Ba wanda ya samu shiga. Iyaye suka ce Malam Bukar matattun kwamfutoci ya sayo ya cinye ragowar. Mutumin da ake miƙe masa a majalisa ya koma idan ya yi sallama sai a amsa ciki-ciki.

Ya naɗe kwamfuta ɗaya a buhu, ya hau kwalekwale, ya zo Haɗeja. Masu gyara suka duba suka ce irin wannan sai shagon Hajara. Ta soka filas ɗinta, kafin ya gama shan ruwan da aka ba shi ta buɗe. Ta ce masa babu wani lasisi da ya ƙare, da hannu aka sa wa'adin. Ta tambaye shi wa ya sa masa. Ya kwatanta ni. Nan take ta gane kawunta ne.

Da maganar ta fito, duk waɗanda na riƙe wa mabuɗi suka taso. A kotu Hajara ce ta ba da shaida. Alƙali ya tambaye ta ko manhajar ta sata ce.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ta sata ba ce. Shi ne ya sa mata sunan sata don a saya."

Aka yi dariya har da ɗan sandan da ke riƙe da ni. Alƙali ya juyo ya ce, "Wato da ka faɗi gaskiya ka karɓi ladan aikinka, ba mai tuhumarka?" Na ce haka yarinyar ta taɓa gaya min. Ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya ɗaure ni kan damfara.

Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba. Tsoho ba ya jin daɗin kwanan siminti, kuma yaran da ke ciki da suka ji laifina sai suka riƙa kirana ɓarawon da bai iya sata ba. Ƙanwata ba ta zo ba ko sau ɗaya, ban kuma ga laifinta ba. Na samu lokacin tunani fiye da yadda nake so. Duk ha'incin da na yi a baya, na kifi da na magani, nakan ce wa kaina ai ni ma nema nake. Wannan kuwa na rasa abin da zan ce. Mutanen da ba su san Haɗeja ba sun yi wahala sun bar ƙofa a buɗe don irin yaran Malam Bukar, ni da na san garin na ci tarwaɗarsu na zo na rufe.

Da na fito na tafi wurinsa. Na same shi a aji, kwamfutocin suna aiki. Hajara ta koya masa, shi kuma ya koya wa ɗalibansa, yanzu kowannensu ya iya sawa da kansa. Na durƙusa na nemi gafara.

Ya ce, "Tashi, Baba, ka girme ni. Nawa na yafe tun tuni. Amma a garin nan har yanzu akwai masu cewa haɗa baki muka yi, kai aka kama ni na tsira. Gobe Juma'a. Ka faɗa musu da bakinka."

Na kwana, aka idar da salla na miƙe na faɗi komai, har kiran da na ƙi ɗauka. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage nin da ya fi min sauƙi. Wani dattijo ne kawai ya ce, "Mun ji. Ɗana dai ya haƙura da karatun, yana Legas yana acaɓa." Ya sa takalminsa ya tafi. Na tsaya ban san inda zan kai hannuna ba.

Yanzu ina zaune a gida, ƙafa ta yi nauyi. Wani lokaci akan kawo min tsohuwar kwamfuta in sa mata manhajar nan, in faɗi gaskiyar abin da take, in sa mai ita ya rubuta mabuɗinsa da hannunsa ina kallon bango. Wasu har yanzu da sun ji kyauta ce sai su ɗauke kayansu. Ba na bin su.

Yara, ku da kuka yi karatun da ban yi ba, ku nemi buɗaɗɗiyar manhajar nan ku koya. Halal ce, ba sai kun saci ta kowa ba, kuma idan kun ƙware kuna iya gyara ta ku ƙara mata, har da Hausarku. Ku karɓi ladan guminku ba kunya. Amma kada wayo ya sa ku tsaya tsakanin mutane da abin da aka riga aka ba su. Ni na biya nawa, hukuma ta sallame ni. Malam Bukar da bai yi komai ba, har yau idan an tashi karo-karo a garinsu wani ake ba ajiya. Na tambayi Hajara yadda ake gyara wannan, ta ce ita ma ba ta sani ba.