Dabinon da Baba ya kai wa maƙwabci

Jiya maƙwabcina, wani tsohon Bature, ya ajiye mini tumatir a bakin ƙofa, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Ba mahaifina ba ne, dattijo ne ɗan Nijar da ya riƙe mu a birnin Greensboro na Amurka.

Shi ya raka ni duba gidan nan, a wani ƙauye da aka rufe masaƙar tufafin da ke cikinsa. Dillaliya na buɗe ƙofa ya ce, "Tsaya. Ba ka gaida maƙwabci ba za ka shiga?"

"Baba, nan fa ba gida ba ne. Ba a hawa barandar mutum haka kawai."

Ko kallona bai yi ba. Ya tsallaka da babbar rigarsa, ledar dabino a hannu. Kare ya hau haushi yana fizgar sarƙa. Tsohon ya fito, hannu ɗaya a ɓoye bayan ƙofa. Na tsaya a bayan Baba ina fargaba, don a shekarun nan hula kaɗai ta isa a kira maka 'yan sanda.

Baba ya cire takalmi, ya miƙa dabinon da hannu biyu. "Gaya masa mun zo neman izinin zama kusa da shi."

Na fassara. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafafun Baba a kan katako mai sanyi. Ya ce tunda aka rufe masaƙar ba wanda ya sake tambayarsa komai. Sai hannun ya fito, ya karɓi ledar. Har yau ban san abin da ya saki a bayan ƙofar ba.

Baba, Allah ya haɗa ka da maƙwabta nagari inda kake kwance.