Wayar Birkin Da Na Sa Aka Cire

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya rabona da rubuta ko harafi a nan. Masu tambaya ko na mutu, ina nan da raina. Ƙafata ta dama ce ta so ta riga ni tafiya.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na fara riƙe sitiyari, a hannun maigidana Malam Idi, Allah ya jiƙansa. Tsohuwar a-kori-kura gare shi, muna lodin masara daga Rano zuwa Kano. Da igiya muke ɗaure ƙofarta, amma wallahi ban taɓa jin daɗin duniya irin na cikinta ba. Mu tsaya a ruga mu sha fura, ya kunna rediyo, kowane rami a hanyar nan ya raɗa masa suna. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

Karatunsa ɗaya ne: "Kai yaro, ba a danne birki kamar an kama ɓarawo. Taka ka saki, taka ka saki. Taya in ta daina juyawa, sitiyari ya zama faifai."

Kusan shekara ashirin ina kan wannan karatu, sannan na sayi motar Kwatano. Ranar da na fara taka birkinta da ƙarfi, sai na ji yana karkarwa a tafin ƙafata, yana gurnani. Na ce shi ke nan, an yi mini sakiyar da ba ruwa. A tasha kowa ya ce, "Kai ta a cire wayar birkin nan, duk mun cire." Bakanike ya cire. Wata fitila ta kama a gaban sitiyari, muka liƙe ta da baƙin salatif.

Ashe karkarwar nan aikin ABS ne, na'urar da ke hana taya ƙamewa. Taka-ka-sakin Malam Idi take yi mini, da saurin da ƙafar mutum ba ta iyawa.

Lokacin kaka ne, bayan la'asar, tsakanin Kibiya da Fammar. Kun san halinmu: an shanya dawa a kan kwalta, an kewaye da duwatsu. Allah ya taimaka na sauke fasinja, ni kaɗai ne. Ina shan kwana sai ga shanu suna tsallakawa. Karatun shekara ashirin ya gudu, na danne birki har ƙasa. Tayoyi suka ƙame a kan dawar. Ina murɗa sitiyari hagu, mota tana tafiya miƙe. Kwalbati ne ya tsayar da ni.

Ban ji zafi ba da farko. Na dai duba na ga tafin ƙafar yana kallon gefe, ƙashi a waje.

Ni na ce a kai ni wajen mai ɗori, wai asibiti yanke ƙafa suke yi. Kwana tara sai zazzaɓi, sai wari. Matata Binta ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, ko ka yarda ko kada ka yarda, gobe muna Kano."

A asibitin ƙashi aka ɗauki hoto, aka yi gwaje-gwaje, aka ƙara mini jini leda biyu, ɗaya ta ƙanena Sani. Likita ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Malam, za mu yi ƙoƙari. Amma in ciwon ya ci ƙashi, sai an yanke daga ƙasan gwiwa."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Direba da ƙafar dama yake cin abinci.

Tiyata uku. Ƙarafa sun fito ta ƙwaurina kamar eriyar talabijin. Kowace safiya wankin ciwo, ina cizon tawul. Gawar motar muka sayar, muka bi da shanun noma biyu.

A wata na huɗu likita ya ce, "Ƙafa ta tsira. Amma idon sawun mun haɗe shi, ba zai ƙara lanƙwasuwa ba."

Na ce, "Likita, tuƙi fa?"

Ya rufe fayil, ya ce in fara koyon tafiya tukuna.

Yau ina takawa da sanda ɗaya, alhamdu lillahi. Likitoci da nas-nas, Binta, Sani, 'yan tasha da suka yi ta jigilar dubiya, da Bafulatanin da ya bar shanunsa ya zaro ni daga mota, Allah ya saka muku da Aljanna.

'Yan uwa direbobi, in motarka mai ABS ce, danne birkin ka riƙe, ka bar shi ya yi ta karkarwa, kai kuma ka ci gaba da sarrafa sitiyari. In tsohuwa ce kuma taya ta ƙame, sassauta ƙafa ta juya, ka sake takawa. Wanda ya cire wayar nan ya mayar yau. Karayar da ƙashi ya fito, asibiti za a nufa. Masu shanya kuma, don Allah, kwalta ba tabarma ba ce.

Makon jiya na shiga mota karo na farko tun da aka sallame ni, a kujerar mai zaman banza, Sani na tuƙi. Akuya ta gifta mana wajen Zinyau. Kafin ya taka birki, ƙafata ta riga ta miƙe tana lalube a inda babu komai. Sani ya gani. Ya kashe rediyo, muka ƙarasa Rano a hankali.