Mas'udu Kafinta da Wasan Rabon Ruwa

Mas'udu kafinta ne a Talata Mafara, mai gyaran ƙafar benci da ƙofar shago. Tun yana saurayi dara ta cinye masa zuciya. Ya buga ta har ta gundure shi, sai ya ce shi ma zai ƙirƙiro nasa wasan.

Ya samu faffaɗan katako ya fafe masa hanyoyi irin na ruwan madatsar Bakolori, babba daga sama, ƙanana suna gangarawa gonaki. 'Ya'yan tsamiya su ne ruwa, ƙwallon dabino shi ne shinkafa. Wanda ya riga cika gonarsa ya ci. Dabarar wasan kuwa guda ce: in ka samu dama ka toshe hanyar wanda ke ƙasa da kai, ruwansa ya dawo gonarka. Ya sha sauya ƙa'ida, katakon da ya lalata kuwa ya sha zama makamashi a murhun matarsa Barira, kafin abin ya zauna.

Saura hukunci. A yankin nan, wasan da 'yan darar gindin ɗurumi na Bakura ba su karɓa ba ya mutu ke nan. Babbansu shi ne Baba Sadi, tsohon manomin rani.

Mas'udu ya ɗaure katakon a bayan babur ya tafi. Bayan doguwar gaisuwa ya yi bayani, dattawa suka zauna. Da zagaye ya zo kan Baba Sadi, ga hanyar abokinsa Lukman a buɗe ƙasa da shi. Tsoho ya duba, ya tura ruwa ya wuce.

"Baba, toshe mashi!" in ji Mas'udu. "Nan cin yake!"

"In toshe ma Lukman ruwa, shinkafa tai tana ciki?"

"Ƙwallon dabino ne fa, Baba!"

"Na gani, ban makance ba. Ɗana, wanda ya saba ma hannu nai wanga aiki bisa katako, gobe a fadama za ya yi shi."

Lukman ya ƙyalƙyale da dariya. "Bar shi ya toshe, Mas'udu, in gaya ma jikokinai irin kakan da Allah ya ba su."

Shi ma da nasa zagayen ya zo, bai toshe wa kowa ba. Haka ruwa ya yi ta gangara har gonaki suka cika gaba ɗaya, babu wanda ya riga wani. Dattawa suka yi ta murna, suna cewa a sake.

Ran Mas'udu ya ɓaci.

"Wasan da babu mai ci wasa ne? Rabon sadaka kuka yi! Kullum kuna nan kuna cinye ma juna 'ya'yan dara babu tausayi, sai nawa wasan ne kuka zama waliyyai?"

"Dara yaƙi ce," in ji Baba Sadi. "Wanga ruwa ne."

Mas'udu ya fizge katakonsa, 'ya'yan tsamiya suka watse a ƙasa. Ya ɗaure shi a babur yana huci, ko sallama bai yi ba. Yana ta da inji ya waiga, sai ya ga tsohon ya ɗauki tsinke yana zana hanyoyin a ƙasa, Lukman yana tsince tsamiya.

"Mun karɓi wasanka, kafinta!" Baba Sadi ya ɗaga murya. "Ban da toshiya!"

Mas'udu ya ja dogon tsaki, ya hau hanyar Mafara da katakonsa.