Madubin Bindigar Tsoho

Shekaranjiya a tasha, muna jiran mota ta cika, wani yaro yaz zauna kusa da ni shina buga wasan halbe-halbe a waya. Nil leƙa. Sai ga wani baƙin zobe ya cika fuskar wayar, da layi biyu sun gitta juna a tsakiya. Ni da anka sani da baki, ni da ko direban tirela ba ya wuce ni ban tsokane shi ba, sai nik kau da kaina gefe. Na san zoben nan. Na taɓa leƙa shi da idona a kasuwar Gummi, ina aji huɗu, ajin da ni da boko munka rabu ba wanda yay yi kukan wani.

Bari in ba ka labarin kakana, wanda yah haifi Baba. Tsoho muke ce mai. Mahalbi ne, ɗan siriri, kullum shina warin albarushi da taba gari. Bindigatai adaka ce, irin wadda ake ɗura ma albarushi ta baki a danna da sanda. In ta tashi, kajin unguwa sai su manta da yadda ake ƙwai. Ni da shi ba mu shiri, don ya ƙwace mani mata, wato kakata, tun ban zo duniya ba balle in kare kaina. Kullum da safe sai na leƙa zaurenai.

"Ɓarawon mata, an tashi?"

"Lahiya lau, rago. Kuma ɗakinta nik kwana. Kai hwa, kai da wa?"

Idonai na dama ya mutu tun shina saurayi, ƙaya ta tsone shi a daji. Da na hagu yay yi duk rayuwatai, har ya koyi ɗora bindiga a kafaɗar hagu. To a shekarun da nike ba ka labari, sai yanar ido taf fara hawa na hagun. Da fari abin dariya ne. Wata rana Inna ta rufe turmi da zane, Tsoho yaz zo yat tsaya shina gaishe shi, har da tambayar ya yara. Munka yi ta birgima a ƙasa. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Yac ce da an cire gyaɗa za a kai Tsoho Sakkwato a kankare yanar.

Gyaɗar kuwa tana can gonarmu ta bakin fadama, kuma a daminar nan gadu ya gano ta. In ba ka san gadu ba, aladen daji ne mai haure, mummuna, ba ci muke ba, ba kuma barin mu shike mu ci namu ba. Wani ƙaton namiji ne. Ka je da safe ka iske kunya-kunya ya tone su kamar an sa garma, ƙasa jiƙaƙƙa tana warin ɗanyar gyaɗa. Tsoho yay yi mai kwanto, yah halba, yak kuskure, a tazarar da ko ni zan same shi da takalmi. Kafin azahar zancen ya gama gari. Samarin da Tsoho yak koya ma ɗura bindiga sunka riƙa yin shiru in ya doso majalisa.

Baba yac ce, "Baba, ka rataye ta har a gyara idon."

"In bari har girbi? Mi za ka girba, kashin gadu?"

Bappa, ƙanen Baba, shi ne ɗan yawon gidanmu. Shi yaz zo da labarin wani mai kayan gwanjo a Gummi, wai yana da madubin bindiga, abin da ke jawo nesa ya aje maka a gaban hanci. Ran kasuwa munka hau mashin mu uku, Tsoho a tsakiya, ni a baya ina riƙe da rigatai ina ce mai in ya faɗi na gaji matata.

Mai gwanjon ya baza kaya a kan buhu: tocila, rediyo, agogon da ba ya tafiya, da madubai biyu. Ɗaya dogo ne, baƙi, shina sheƙi, gilashinai ja-ja kamar idon zakara. Ɗayan gajere, duk ya kuje, fentin ya ɓare. Mutane sunka taru, don a kasuwar ƙauye ko allura kake saye sai an taya ka zaɓe.

Tsoho yaf fara ɗaukar gajeren. Yam manna idonai a jiki, yadda kowa zai yi in an ce mai leƙa. Yaj juya shi, yas sake mannawa.

"Wanga makaho na, awa ni."

Bappa yak karɓa, ni ma nik karɓa. Gaskiya ne, in ka manna ido baƙi kake gani, sai ɗan haske can tsakiya shina rawa. Sai ka ja fuska baya, kamar faɗin tafin hannu, sannan hoton ya buɗe. Kowa yac ce lalacewa ce. Mai kayan da kanai yac ce an ce mai na sojoji ne, amma da alama ya sha ruwa.

Sannan Tsoho yaɗ ɗauki dogon. Shi wannan sai ka kusa manna ido shike buɗewa, kuma in ya buɗe, ya buɗe. Na ga bakin Tsoho ya saki. Yan nufi hasumiyar masallaci da shi, yac ce ga ƙadangare can bisa lasifika shina gyaɗa kai. Yaj juyo cikin kasuwa, yac ce ga wata 'yar Fulani mai nono can gindin tsamiya, har wushiryarta ya gani. Nic ce wallahi sai na gaya ma matata abin da anka zo Gummi yi. Yay yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin a yi shuka. Kai ma da kana wurin, wanne za ka ce ya ɗauka?

Maƙerin garinmu ne yaɗ ɗaura shi a bisa adakar, da zobban ƙarfe, yam matse su da wuta. Tsoho ya riƙa ce mai ya jawo shi baya, ya ƙara jawowa, har sai da bakin madubin yaz zo daidai girar idonai. Maƙerin yac ce a je bayan gari a gwada a jikin kuka. Tsoho yaƙ ƙi. Shina da wata ƙa'ida da yag gada wurin ubanai: bindigar da taf fito hannun maƙeri ba a buɗe bakinta a kan icce, sai a kan nama, in ba haka ba ta saba da banza. Maƙerin yac ce, "To ka dai san tana shuri awa jaki." Tsoho yad dafa kafaɗa, yac ce ita da wagga kahwaɗa sun san juna tun ba a haife ka ba. Duk wurin kafaɗa ake tunani. Ba wanda yat tuna da ido.

Washegari muna gonar gero mu yara, muna korar tsuntsaye da gwangwanaye. Raɓa ba ta bushe ba, rana ta ɗan leƙo. Sai munka ji ta daga fadama. Na san muryar adakar nan kamar muryar Inna, amma ran nan ta fi kullum nauyi, don in gadu zai halba shikan ƙara albarushi. Munka tsaya muna jiran kirarin da shike yi in ya kā da nama. Shiru. Tsuntsayen ma sunka dawo sunka sauka a gero, ba wanda yak kore su.

Zaune munka iske shi gindin wani marke, bindiga a gefe, ya rufe fuska da hannu biyu. Jini na bin tsakanin yatsunai shina sauka ta gwiwar hannu. Madubin na nan a bisa adakar ya karkace, gilashin baya babu, sai 'yan haƙora a gefen zoben. Da bindigar tay yi shuri, ta taho da shi gaba ɗaya cikin idon.

Bai yi kuka ba. Da yaj ji sawunmu sai yac ce, "Wane na?"

"Ni ne, Tsoho."

"Ya hwaɗi?"

Nid duba. Gadun na can kwance cikin gyaɗa, ƙafatai ta baya na ɗan motsi.

"Ya faɗi."

"Na gane shi sarai," yac ce. "Har gashin bakinai."

A amalanken shanu anka fito da shi titi, daga nan Gummi, daga Gummi sunka ce a wuce Sakkwato. Sakkwaton dai da Baba ke ta faɗi, sai ga shi an je tun gyaɗa na ƙasa. Likita yac ce idon ya fashe, sai dai a cire. Baba ya ce likitan ya tambaye su ko yana ce tun farko, da sunka ce e, sai yag girgiza kai, yac ce da ita kaɗai ce da aikin safiya guda ne. Gadun kuwa malaman firamarenmu, 'yan kudu, su sunka zo sunka ɗauke abinsu.

Cikin masu zuwa dubiya akwai wani tsohon soja daga Bukkuyum, abokin Bappa, wanda ya je yaƙin Laberiya. Yas sa anka ɗauko mai bindigar, yaj jujjuya. Yac ce wannan madubin na bindigar iska ne, ta halbin kurciya, wadda ba ta shuri. Bappa yab ba shi labarin ɗaya gajeren da ya sha ruwa. Sojan yac ce ba ruwan da yash sha. Haka anka yi shi. Madubin babbar bindiga da gangan shike yin duhu in ka matso, don ya kori idonka baya, ya bar ma shuri wuri. Bappa yat tashi yaf fita. Tsoho, da tsumma ɗaure a fuska, yac ce a ba baƙo ruwa.

Na yi kwanaki ban tsokane shi ba. Ashe abin ya dame shi. Wata safiya ina saɗaɗawa ta gaban zaure sai yac ce, "Rago, ni anka cire ma ido, ba kai anka cire ma halshe ba."

Nic ce, "To Tsoho, duk faɗin duniyar ga, ga Ka'aba, ga matata, ka rasa abin yi ma kallon ƙarshe sai alade?"

Yay yi dariya har tsumman yaj jiƙe. Inna tab biyo ni da muciya.

Ya yi shekaru a zauren nan shina tufka igiya, shina gane mutane da tafiyarsu. Bai ƙara taɓa bindiga ba, bai kuma bari an sai da ta ba. Ya rasu kafin daji ya lalace.

Yanzu ba mai zancen gadu a wajenmu. Abin da ke fitowa daga dajin nan bisa mashin shike, kuma bindigogin da ke hannunsu ba maƙeri yaƙ ƙera su ba. Gonar bakin fadama, wadda Tsoho yab ba da idonai don gyaɗar shekara guda, rabon da wani namu ya taka ta har na manta. An ce ta koma kurmi. An ce ne, ba wanda yaj je yag gani.

Ranar da munka kwashe daga garin, ni niɗ ɗauko kakata bisa mashin. Ta tsufa tukuf, ba nauyi, sai da anka ɗaure ta a bayana da zane kamar goyo. Rumbuna na hayaƙi, mata na gudu da tukwane a kai. Da munka zo daidai maƙabarta sai tad dafa kafaɗata in tsaya. Tad daɗe tana kallon wurin.

"Miji," tac ce, "abokin gabarka ya hi mu wayo. Shi tun da wuri yar ruhe nashi idanun."

Sai nit tada mashin.