Na Zaɓi Mai Nauyi

Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata, wadda ta koyar a lakwal, makarantar boko, har ta tsufa ta bari, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta gyara mini magana. Miji na rasa, wannan ya tabbata. Ɗiyata kuwa tana nan da ranta, amma akwai abin da ya shiga tsakaninmu, kuma hannuna ne ya jawo shi.

Shekara talatin da ɗoriya ina sayar da kayan lambu a kasuwar Maraɗi. Daga Jiratawa nake sarowa, can aka haife ni. Ban taɓa neman sikeli ba. In ɗauki kabeji biyu, ɗaya a kowane hannu, in gaya maka wanda ya cika da wanda iska ce a cikinsa. Matan rumfarmu kan miƙo mini kankana su ce in taɓa musu kafin su saya. Uwata ce ta koya mini tun ina taya ta ɗaukar dammunan gero, ta ce abin da ke da ciki shi ke da nauyi. Ban taɓa ganin maganar nan ta faɗi ƙasa ba.

Maigidana falken banda ne. Sau biyu ko uku a shekara yakan tafi gabas, tafkin Chadi, ya sauka daga mota a bakin ruwa, ya shiga kwale-kwale ya bi tsibirai wurin masunta yana sayen kifi. Da can, in ya tafi sai ya dawo muke jin labari. Da salula ta zo muka saba da muryarsa, sai shiru ya zama ciwo. A tsibiran nan kuwa babu kuran, wato wutar lantarki. Akwai tafiyar da salularsa ta mutu mako guda, ga tsufa ya kama shi, ga hawan jini, abokin tafiyarsa na da kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ɗiyarmu, ita kaɗai Allah ya bar mana, tana aure a unguwar Zariya, ta ce ba zai ƙara shiga ruwa ba sai da pawa banki, abin nan da ake ɗura wa wuta a gida a tafi da shi, in salula ta mutu a jona ta sha.

Ta tambayi waɗanda suka sani a wurin aikinta, ta rubuta irin wanda za a saya a takarda. Ranar ba ta samu fita ba, maigida kuma yana wurin mai ɗinkin buhuna, sai ni. Ta damƙa mini takardar ta ce, "Inna, ki miƙa wa mai butik kawai. Abin da ya karanta shi zai ba ki."

Mai butik ɗin, mai kantin kayan salula, magidanci ne, furfura ta fara taɓa gemunsa. Ya karanta, ya ciro wani ɗan fari ya ɗora mini a tafin hannu. Kamar sabulun da aka yi kwana uku ana wanka da shi. Kusa da inda ya ciro shi akwai wani baƙi, ƙato, har da tocila a kansa.

"Miƙo mini wancan."

"Wancan ba naki ba ne, Inna."

"Na wa ne? Na ado ne?"

Ya miƙo. Na riƙe ɗaya a dama, ɗaya a hagu, na ɗaga, na sauke. Baƙin ya ninka farin nauyi.

Ya ce, "Ni kaina cikin kwali aka haɗo mini su, ban gwada ba. Ban tsaya mishi ba. Na takardar nan kuwa, in ya ba da matsala ki maido mini."

"Mutum zai yi kwana goma cikin ruwa, ka ba ni wannan ɗan abin? Wutar ina za ta zauna a ciki?"

Ya yi dariya. "Inna, wuta ba kabeji ba ce."

Dariyar nan ce ta ɓata mini rai. Na ce masa tun yana tsumman goyo nake awo a kasuwar nan. Kuɗinsu kusan ɗaya ne, kada wani ya ce arha ce ta ja ni. Hannuna na yarda da shi. Ya ƙulle mini baƙin a leda, ya haɗa da takardar.

Da maigida ya gani ya jinjina shi ya ce, "Mai awo, dutsen niƙa kika sayo mini? Sai mu ɗaura masa igiya mu riƙa tsayar da jirgi." Muka jona shi a kuran, idanunsa huɗu suka kama, shuɗi shar. Da la'asar ɗiyata ta kira ta ce an samu? Na ce an samu. Ban ƙara ba, ba ta tambaya ba. Washegari da hantsi ya tafi.

Ya kira daga hanya, ya kira daga bakin ruwa. A kwana na uku da shigarsu ruwa ya sake kira, ina jera albasa.

"Mai awo, abin naki kurɓi ɗaya ya ba salula ya kwanta dama."

"Ka danna da kyau kuwa?"

"Na danna har yatsa ya yi tsami. Zan kashe ta in riƙa kunnawa jefi-jefi. Kada ki gaya wa yarinyar nan, hankalinta zai tashi."

Na ce yaya jikin, ya ce kansa na sara tun jiya amma ya sha magani. Ya ce in tuna da ɗinkin rufin akurki kafin ruwa ya sauko. Ya ce sai ya kira. Shi ya kashe da kansa, yana tattalin wuta. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, ta rufin akurki.

Kwana biyu, uku, shiru. Ɗiyata ta riƙa biyowa ta rumfa in ta tashi aiki. Ta ce da pawa banki a hannunsa me zai hana shi kira? Na ce rezo ne, layin waya, can cikin ruwa ba ko'ina yake kamawa ba. Ta zo jibi, na ce rezo. Na faɗa har ni ma na soma yarda. Ai shekara nawa yana tafiya babu labari, kuma ya dawo da warin kifi da dariyarsa.

Cikin kwanakin nan aka yi sunan jikar ƙanwata a garin Tsibiri, nan kusa da Maraɗi. Na ƙunsa lalle hannu da ƙafa, ya kama ja wur. Na ɗaura sabon zane, na sa turare, na ci naman suna har na ƙullo wani a leda. Ni na rangaɗa guɗa da aka faɗi sunan jaririya. Daga baya da na ƙirga, ranar nan kwanansa huɗu a cikin ƙasa.

Ran da kiran ya zo ina rumfa, rana tsaka. Matar da ke kusa da ni ta duba ta ce lambar maigida ce. Na ɗauka na ce, "Tsoho, sai yau ka tuna kana da gida?" Wata murya da ban sani ba ta yi sallama, ta ce ko matar mai kifin Maraɗi ce?

Masunci ne, ɗaya daga cikin biyun da suka ɗauke shi a kwale-kwale. Ya ce wata rana bayan azahar maigida ya faɗi a cikin jirgi, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Bai mutu nan take ba. Ya yi yini guda da rabi da ransa, yana nuna musu salula da hannun da ke motsi, yana nunawa, yana nunawa. Suka kunna, ta mutu. Suka jona a abin nan baƙi, ko ƙyaftawa bai yi ba. Su suna da tasu salular, da sauran wuta, kuma akwai rezo a wurin, amma lambarmu tana cikin wadda ta mutu. Suka zazzage jakarsa ba su ga takarda ko ɗaya mai lamba ba. Da ya cika suka yi masa sutura a tsibirin da ya fi kusa. Sai da kwana tara suka wuce kafin ɗayansu ya fito gari ya sa mata wuta, ya kira lambar da ya gani a sama.

Ko da ba zai iya amsawa ba, da sun kanga masa a kunne na yi masa kalmar shahada. Da ɗiyarsa ta ce Baba. Wannan yini da rabin shi ne ba ya barina in haɗiyi tuwo.

Malama, jira ni.

Bayan sadakar bakwai wani direban motar kifi ya kawo jakarsa. Surukina, mijin ɗiyata, ya ciro abin, ya juya shi, ya sa wuƙa ya ɓalle bayansa. Batura biyar ne a ciki, a jere. Ɗaya kaɗai aka jona wa waya. Ya fasa ɗaya daga cikin sauran a kan faifai, sai ga yashi yana zuba. Ya fasa na biyu, yashi. Irin wanda ake ɗiba a Gulbi da rani.

Ɗiyata ta miƙe. "Wannan ba shi na rubuta ba. Ya ga tsohuwa ba ta karatu ya cuce ta. Wallahi yau sai kasuwa ta taru a kansa." Ta fizgi mayafi.

Da na yi shiru, da ta tafi, da mutumin nan ya ɗauki kayan da ba nasa kaɗai ba. Na ce, "Zauna. Na takarda ya ba ni. Ni na ƙi. Na auna su a hannu na ɗauki mai nauyi." Na gaya mata har kiran da ubanta ya yi, da abin da ya ce.

Ta daɗe tana kallon faifan. Ta ce, "Kin auna." Can ta ce, "Kwana da kwanaki kina ce mini rezo." Ta ajiye mayafin ta shiga ɗaki.

Liman ya aiko cewa takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, kwana taran nan sun shiga lissafi, kuma babu zunubi ga wadda ba ta sani ba. Na ce na ji, na gode. Ni daga ranar kira na ƙirga tawa. Lallen na wanke da toka, na goga lemun tsami, na fata ya tafi, na farce ya ƙi. Mata na zuwa gaisuwa ina cusa hannuwa ƙarƙashin mayafi. Wata huɗu ina kallon jan yana hawa sama a hankali, farin na biyo shi daga ƙasa.

Ɗiyata ba ta yini ba ta zo ba ko sau ɗaya. Takan kawo abinci, ta share tsakar gida, ta gaishe ni daga bakin ƙofa. Ba ta zama a tabarmata. Cefane ma ita ke yi yanzu, ko gishiri ba ta aike ni.

Ran da na cika ƙirgata, saura ɗan ja a bakin manyan yatsuna biyu. Ta shigo da reza, ta durƙusa, ta kama hannuna na dama. Rabon da ta taɓa ni tun ranar faifai. Tana yankewa na ce, "Ɗiyata, ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta hure farcen daga gwiwarta ta ce, "Miƙo ɗayan, Inna."

Na miƙa. Shekara ta zagayo, ban sake roƙo ba, ita ma ba ta amsa na farkon ba.