Ranar da na kasa gane hanyar gidana

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina Malam Sani ya shige tun bayan girbi, ga ni da raina. Ɗiyata Hauwa ce ke danna mani wayar, hannuna bai gama komawa daidai ba.

Da ciwon kai abin ya faro. Sai mantuwa. In yi ta neman carbi alhali yana hannuna. Wata rana ina jan salla a masallacin unguwarmu a Sabuwa, na kai tsakiyar Fatiha na tsaya cak. Ladan ya tuna mani, na kasa kamawa.

Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi.

Sauran labarin ba ni aka yi, don ban san na yi ba. Wai na koma kiran matata, Hajiya Binta, da sunan marigayiya innata. Ita ke mani wanka, ita ke ba ni abinci a baki. Aka sa wa ƙofar zaure kwaɗo saboda ni.

Ranar da aka manta ba a kulle ba, na fice da hantsi. Har la'asar babu labarina. Kun san dajinmu, kun san su wa ke cikinsa. Masu nemana suka tsaya bakin rafi, ban kuma ga laifinsu ba. Hajiya ta yafa mayafi ta ce ita za ta shiga, sai da aka riƙe ta. Wani manomi ne ya tsince ni gindin ɗorawa, ba takalmi, ina ce mashi makaranta za ni.

Washegari Hauwa ta iso daga Faskari. Ta dubi yayyenta ta ce, "Tsufa ba ya faɗo wa mutum haka kwatsam. Asibiti za mu kai Baba."

Daga Funtuwa aka tura mu Zariya. Awon jini, hoton kai. Likita ya ce, "Baba ya taɓa faɗuwa?" Nan Hajiya ta tuna babur ya kayar da ni da damina, na tashi na kaɗe riga kawai. Ashe jini ne ke taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa.

Ya ce sai tiyata, kuma bai yi alkawarin komai ba. Aka sayar da masarar bana da san noma. Aka kawo takardar amincewa, babban ɗana ya riƙe biro ya kasa sa hannu, Hajiya ce ta dangwala yatsa.

Na farfaɗo na ga mace bakin gado tana share hawaye. Na ce, "Binta, me ya kawo mu nan?" Sai ta faɗi ta yi sujada a kan siminti.

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa likitoci, da manomin nan, da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Ba kowace mantuwa ke warkewa ba. Na baro wani dattijo a ɗakinmu na asibiti, ɗansa na ba shi koko, shi kuma yana tambayarsa ɗan gidan wa ne. Amma ku kai tsofaffinku a duba, ku faɗa wa likita har faɗuwar da kuka raina. Kada ku yi masu tsawa, ba da gangan suke yi ba.

In kuma kun je dubiya, ku tambayi mai jinya ko ta ci abinci. Ni aka yi wa aiki, amma Hajiya ta fi ni ramewa.