Tarwaɗar Alhaji Hudu

A Zangon Kwatano, wanda ya daɗe yana sayen dabba ya san Alhaji Hudu. Dillalin shanu ne tun yana saurayi, tun zamanin da ya biyo motar wani kawunsa daga Malanbil ya sauka a nan bai koma ba. Bai taɓa tara garke nasa na kansa ba. Abin da Allah ya ba shi ido ne. Yakan dubi maraƙi ramamme wanda tafiya ta cinye, ya zagaya shi sau ɗaya, ya dafa gindin wutsiyarsa, ya ce a saya. Bayan watanni sai a ga sa ya cika igiya.

Wata rana wani bijimi ya take masa gwiwa a kara. Ƙafar ta warke a karkace, likita kuma ya gano masa hawan jini, ya ce ya rabu da hayaniya da rana. Haka Alhaji ya dawo zaman benci a majalisar ƙofar masallaci. Da farko yaran kara sukan zo gaishe shi, su tambaye shi shawara. A hankali suka koma ɗaukar hoton dabba a waya suna aika wa mai saye. Gaisuwar ba ta yanke ba, amma tambayar ta yanke. Bai faɗa wa kowa abin da ke damunsa ba. Matarsa Lantana ce kawai ta lura cewa ko tunkiyar maƙwabta ce ta gifta, sai ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Wani maƙwabcinsu mai tuƙa zem, wato babur na haya, shi ne ya ba shi labarin wani tafki a bayan Kalabi. Wata mata ce ta haƙa shi a gonarta, tana zuba tarwaɗa da karfasa. Ranar Lahadi kaɗai take buɗe ƙofa, mutanen gari su zo da iyalansu su zauna a inuwa su yi fatsa, abin da mutum ya kama a auna masa ya tafi da shi. Alhaji ya je don ya ga ruwa kawai. Aka miƙa masa gora da zare da ƙugiya, ya zauna, ya ji kansa ya yi sanyi. Lahadin da ta biyo baya ma ya koma.

Sai dai dillali ko a bakin ruwa dillali ne. Kifin da ya kama, sai ya juya shi, ya latsa bayansa da babban yatsa, ya ce wannan bai kai yanka ba, ya mayar da shi. Mai tafkin ta yi dariya ta bar shi. Kullum ya dawo Zango hannu rabbana, majalisa kuwa ta samu abin yi. Shugaban tsokanar shi ne Badarou, tsohon direban tirela, amininsa na shekara da shekaru. Da ya hango shi ya sauka daga zem sai ya ce a ba Sarkin Ruwa hanya, kada kayan da ya ɗauko su danne wani.

Bayan Babbar Sallah, ƙugiyarsa ta ɗauko wata 'yar tarwaɗa da ba ta wuce tafin hannu ba. Siririya ce, amma kanta faffaɗa, ƙashin bayanta a miƙe, kuma sai da ta kusa tsinke zaren kafin ta fito. Alhaji ya daɗe yana kallonta. Ya zaro reza daga aljihu, ya yi mata shaida a wutsiya, tsaga biyu a sama ɗaya a ƙasa, irin wadda mutanen gidansu ke yi wa shanu a kunne. Ya sake ta.

Da yamma ya faɗa a majalisa, a gaban kowa, cewa ya ga wata dabba a ruwan nan, kuma kafin azumi babu wadda za ta kai ta a tafkin. Badarou ya tambaya ko za a sa mata igiya a hanci. Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Maganar dillali ce ya yi, kuma a kara ba a taɓa jin tasa ta faɗi ƙasa ba.

Daga nan ya shiga kiwo. Lantana na dama masa dusa da garin ƙuliƙuli, ya dunƙula, ya je ya watsa a kusurwar da ya sake ta, ƙarƙashin wani kwakwa da ya sunkuya kan ruwa. Duk wanda ya kama babban kifi, Alhaji zai ɗingisa ya je ya yi masa barka, idonsa na kan wutsiya. Mutanen tafkin suka saba da shi, suna ce masa Papa Zango. 'Yar tarwaɗar kuwa ba ta sake cin ƙugiya ba.

Da aka shiga Sha'aban, Badarou ya ce shi kam zai bi shi ya ga wannan bijimi na ruwa, kada azumi ya zo a ce ba a kai shaida ba. Suka tafi tare. Badarou bai taɓa riƙe gora ba, sai da Alhaji ya soka masa tana. Ya zauna a gindin kwakwan yana ƙorafin sauro. Rana ba ta yi tsaka ba gorar ta lanƙwashe har ta kusa fita daga hannunsa. Ya yi salati, ya miƙe, hularsa ta faɗa ruwa. Sai da mai tafkin ta kawo raga aka fito da abin da ya kama.

Tarwaɗa ce doguwa kamar hannun babban mutum, baƙa wul, kanta kamar faranti. Mai tafkin ta ce tunda ta haƙa ruwan nan ba ta fitar da irinta ba. Mutane suka taru suna ɗaukar hoto. Alhaji ya durƙusa a kan gwiwarsa mai lafiya. Ya dubi kan, ya dubi bayan, zuciyarsa ta gaya masa abin da ta gaya masa. Sannan ya buɗe wutsiyar da yatsu biyu.

Wutsiyar lafiya lau take, babu tsaga ko ɗaya.

Mai tafkin ta gane abin da yake nema. Cikin 'yar Hausar kasuwa da take ji, ta ce masa ai wutsiyar kifi tana tsirowa ta haɗe, ba kamar kunnen saniya ba ne. Da ya tambaye ta tun farko da ta faɗa masa.

Badarou ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya.

“Alhaji, ita ce? Ka ce ita ce, ni zan faɗa a majalisa na ga shaidar da idona. Wa zai zo ya duba?”

Alhaji ya wanke hannunsa a ruwa, ya goge a gefen rigarsa.

“Kai dai direba, ka kama kifi, Allah ya sa albarka. Ni ban taɓa cewa dabba ta wane ce ba alhali babu shaida a jikinta. Ba a kan tarwaɗa zan fara ba.”

Suka shigo Zango da la'asar, Badarou rungume da buhu a bayan zem, wutsiyar na leƙowa. Majalisa ta tashi tsaye. Aka tambaya ko ita ce ta Alhaji. Alhaji ya ce babu shaida, ya nemi wurinsa a benci ya zauna. Aka juya ga Badarou, ana jiran ya buɗe baki ya yi abin da ya saba. Ya ba da labarin gora da hula da raga, ya faɗi abin da mai tafkin ta ce, ya faɗi tayin da ya yi wa Alhaji da amsar da ya samu. Bai ƙara ko kalma ɗaya ta tsokana ba. Sai wani dattijo ya ce a kai kifin gidan Lantana, ita ta san yadda ake dafa shi.

Da safiyar Talata Badarou ya yi sallama a ƙofar gidan. Ya ce akwai bijimai biyu da aka nuna masa a waya don bikin 'yarsa bayan Sallah, shi kuwa hoto bai ishe shi ba. Ya riga ya tsayar da zem biyu a bakin layi. Alhaji ya juya. Ya shiga ɗaki ya canza riga, ya ɗauko sandarsa ta kara daga bayan ƙofa, ya ce wa Lantana kada ta jira shi da abincin rana.